Gadon Gobir: Amanar Da Ke Hannun Iyaye Mata

Uwargida, idan aka ambaci Sabon Birni da Isa a yau, abin da ke fara zuwa wa mutane a rai shi ne 'yan bindiga da gudun hijira. Alhali wannan yanki, daga Turba har bakin iyakar Nijar, ƙasa ce mai tsohon tarihi, kuma mata na da babban kaso a cikinsa.

Tushen labarin yana Alƙalawa, birnin da Sarkin Gobir Babari ya mayar cibiyar mulkinsa a ƙarni na 18. A nan Bawa Jan Gwarzo ya yi sarauta, a nan kuma aka kashe Sarki Yunfa a shekarar 1808 lokacin da rundunar jihadi ta ci birnin. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga baya wani ɗan sarauta mai suna Ɗan Halima ya baro Tsibiri da jama'arsa, ya dawo kusa da kufan Alƙalawa ya kafa Sabon Birni. Da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903, suka shata iyaka tsakaninsu da Faransa, sai Tsibiri ta faɗa Nijar, Sabon Birni da Isa suka zauna Nijeriya. An raba ƙasa, amma auratayya da zumunci ba su yanke ba.

A masarautar Gobir akwai sarautar mace da ake kira Inna, wadda ake naɗawa daga cikin 'ya'yan gidan sarauta. Ita ce uwar matan ƙasa, tana da fadarta da mabiyanta, kuma sarki ba ya raina maganarta. A wancan zamani al'amuran bori ma a hannunta suke, abin da Musulunci ya hana. To, a nan ne hikimar Nana Asma'u 'yar Shehu (1793–1864) ta bayyana. Da ta kafa tsarin 'Yan Taru domin ilmantar da matan karkara, sai ta riƙa naɗa wa kowace jaji malfa da jan rawani, irin alamar da mata suka saba gani a kan Inna. Girman da aka san Inna da shi ya koma kan malama, matan ƙauye suka riƙa bin jaji zuwa ɗaukar karatu, su dawo gida su koya wa wasu tsarki da salla da zaman aure.

Isa kuwa, wadda zuri'ar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ke riƙe da ita, ta yi suna a zamanin Turawa saboda Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali, makaɗin Sarkin Gobir Amadu na Isa. Har yau ana nazarin waƙoƙinsa a jami'o'i saboda zurfin Hausarsa. Ga kuma zanen Gobirci da ke tasowa daga gefen baki zuwa kunne, wanda yanzu sai a fuskar dattawa ake yawan ganinsa, ga wasan taubasantaka tsakanin Bagobiri da Bayarabe.

Abin tsoro shi ne, wannan gado a bakin tsofaffi yake, tsofaffin kuma rashin tsaro ya tarwatsa su. Tun daga 2019 dubban mutane suka tsallaka zuwa yankin Maraɗi neman mafaka, sannan a 2024 'yan bindiga suka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannunsu. Yaron da ya tashi a gidan aro, in ba a gaya masa ba, ba zai san garin kakansa ya wuce filin tashin hankali ba.

Saboda haka 'yar uwa, idan akwai tsohuwa a gidanku, a zaunar da yara gabanta bayan sallar isha'i. A tambaye ta sunayen kakanni da garin da aka taso da dangin da ke tsallaken iyaka, a naɗi muryarta a waya, a sa ɗan makaranta ya rubuta a littafi. Wannan ma sada zumunci ne.

Allah Ya dawo mana da zaman lafiya, Ya mayar da kowa gidansa, amin.