Me ya sa "Maraɗi" ke komawa "Mara?i" a intanet?

Mutum zai cika takardar rajista a shafin intanet, ya rubuta garinsu Maraɗi, amma takardar da aka ba shi ta fito da "Mara?i". Wani kuma ya sa lambar salularsa da +227, alamar + ta ɓace. Laifin ba na salula ba ne. Ɓarnar tana faruwa a kan hanya.

Shafuka da yawa a yau suna aika abin da aka rubuta zuwa babbar na'urar ajiya a ɓoye, ba tare da shafin ya sake buɗewa ba. Wannan dabara ana kiranta AJAX, sunan da Ba'amurke Jesse James Garrett ya laƙaba mata a 2005. Da yake ba a ganin tafiyar saƙon, ba a ganin lokacin da ya lalace.

Matsala ta farko, wasu alamomi suna da aikinsu a cikin saƙon. Alamar & ita ke raba bayani da bayani, don haka sunan shago mai ɗauke da ita yakan yanke biyu. Alamar + kuwa, na'urar tana ɗaukarta a matsayin fili tsakanin kalmomi.

Ta biyu ta shafi haruffa. Tsohon tsarin ASCII alamomi 128 ne kawai, babu é a ciki. Tsarin Latin-1 na yammacin Turai ya ƙaro haruffan Faransanci, amma bai san ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba. UTF-8, wanda aka ƙirƙira a 1992, shi ya haɗa su duka. In mai aikawa ya yi amfani da UTF-8, mai karɓa ya karanta da Latin-1, sai é ta koma Ã©.

Maganin yana hannun masu gina shafuka. Kafin a aika, a bi da kowane rubutu ta umurnin encodeURIComponent na JavaScript: + ta zama %2B, & ta zama %26, ɗ ta zama %C9%97, a warware su a can. Sannan shafin, babbar na'urar da rumbun bayanai duk su zauna kan UTF-8.

Mai cika takarda kuma ya duba sunansa da lambarsa kafin ya buga rasit. Suna da ya saɓa da na katin ɗan ƙasa yana iya jawo jeka-ka-dawo a ofis.