Nutso A Teku Don Kamun Babban Jatan Lande: Jan Hankali Ga Masuntan Arewa A Legas

Malamin gona da ke aiki cikin Hausawan Agege, a cikin 'yan ci-ranin da kake haɗuwa da su ba ka rasa 'ya'yan Sarkawa daga Argungu ko Yawuri, waɗanda suka tashi da homa da gora a hannu. Idan ɗayansu ya ga kuɗin da manyan otal ke sayen babban jatan landen teku, wato lobsta, yana iya cewa ai nutso gadonsa ne. To, ka zaunar da shi.

Da farko, wannan halitta a kogon duwatsun ƙarƙashin teku take ɓuya. Gaɓar tekun Nijeriya kuwa, mai tsawon kimanin kilomita 853, galibinta yashi ce da laka da kurmin fadama. Saboda haka ba ta da yawa a wajenmu, kuma mai nemanta sai ya yi nisa a jirgi, ya nutsa da zurfi.

A nan haɗarin yake. Mai nutso a Matan Fada numfashi ɗaya yake riƙewa ya fito. Mai nutson teku kuwa iska yake shaƙa daga tulu ko ta mesa daga injin da ke cikin jirgi. Duk zurfin mita 10, nauyin da ke danne jiki yana ƙaruwa da kwatankwacin na iskar sarari ɗaya. A mita 30 ya zama ninki huɗu. Wannan nauyi ke tura iskar naitirojin cikin jini da tsoka. In mutum ya taso da gaggawa sai ta yi kumfa a jiki, kamar kwalbar lemo da aka girgiza aka buɗe. Alamunsa su ne ciwon gaɓɓai, jiri, mutuwar ƙafafu da kasa yin fitsari, kuma sukan bayyana bayan an fito, wani lokaci sai an yi sa'o'i. Ba iskokin ruwa ba ne, kada a ɓata lokaci wajen turare. A ba shi iskar oksijin, a garzaya da shi asibiti, domin maganinsa ɗaki ne na musamman da ake mayar wa jiki nauyin iska a sauke shi sannu a hankali.

A ƙasar Honduras da ke tsakiyar nahiyar Amurka, 'yan ƙabilar Miskito sun daɗe suna wannan sana'a, ana kwashe su a jirage zuwa duwatsu masu nisa su yi kwanaki suna nutso sau da yawa a yini. Masu yawa sun shanye, wasu sun rasu, har a shekarar 2021 kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta ƙasashen nahiyar ta ɗora wa gwamnatin ƙasar alhaki.

Wanda ya zama dole ya nutsa, ya fara samun horo. Kada ya taso fiye da mita 9 a minti ɗaya, ya tsaya minti 3 a zurfin mita 5, kada ya riƙe numfashi yayin tasowa, kuma a nisanta bakin shan iskar inji daga hayaƙinsa.

Fannina amfanin gona ne, amma a ganina ribar da ta fi kusa tana cikin tafkin Legas. A wajajen Epe da Badagry ana kama manyan jatan landen ruwan daɗi da tarkon kwando, irin gurar da muka sani a gida, a sa ɗan rogo ko kwakwa a ciki, a duba da safe. Sun fi yawa da damina. Sai dai ruwan yana da masu shi, a nemi izinin shugabannin masuntan wurin kafin a kafa tarko. Macen da aka gani da ƙwai manne a ƙarƙashin cikinta a mayar da ita ruwa. Sauran a sa su cikin ƙanƙara nan take, domin jatan lande ya fi kifi saurin lalacewa. Don ƙarin bayani a tuntuɓi cibiyar binciken teku ta tarayya, NIOMR, da ke Victoria Island.