Alamun damina: kaza da 'ya'yanta, shamuwa da gawo

Tun kafin rediyo ya fara ba da labarin yanayi, kakanninmu sun san lokacin gyaran gona. Sukan dubi sama da dare, su lura da tsuntsaye, su kuma duba itatuwa. Waɗannan alamu suna nan har yau. Amma ya kamata mu san abin da kowace alama take faɗi, da abin da ba ta faɗi ba, domin kuskuren lokacin shuka yakan cinye irin da iyali suka adana shekara guda.

Kaza da 'ya'yanta

Wannan ƙaramin tarin taurari ne da ake gani a tsakiyar sama da farkon dare a watannin Disamba da Janairu. Ido yakan ƙirga shida ko bakwai, amma masana sun gano sun fi 1,000. Suna da nisa ƙwarai, har haskensu yakan yi shekara wajen 440 kafin ya iso gare mu.

A ƙarshen Afrilu za mu gan su can ƙasa ta yamma bayan faɗuwar rana. Daga nan sai su ɓace kamar kwana 40. Ba wani wuri suka tafi ba. Duniya ce take zagaya rana, a watan Mayu kuwa rana takan shiga tsakaninmu da su, haskenta ya rufe su. A watan Yuni sai su sāke fitowa ta gabas kafin gari ya waye.

Wannan yakan faru a lokaci ɗaya kowace shekara, ko an yi ruwa ko ba a yi ba. Saboda haka taurari kalanda ne mai kyau. Suna tuna mana mu gyara garma, mu kai taki gona. Amma ba su san ranar da ruwa zai sauka ba.

Shamuwa

Kowa ya san wannan baƙar tsuntsuwa mai farin ciki da take yin sheƙa a itatuwan cikin gari. Ina take zuwa da rani? Takan yi tafiyar dubban kilomita zuwa ƙasashen kudancin Afirka, kamar Zambiya da Zimbabwe, inda ake damina daga Nuwamba zuwa Maris. Idan ruwa ya ɗauke a can, sai ta juyo arewa, ta iso mana wajen Afrilu ko Mayu domin ta yi ƙwai.

Abinci take bi. Inda ruwa ya sauka, nan fara da tsutsa suke fitowa, su ne kuwa abincinta. Shi ya sa zuwanta yake nuna damina ta kusa. Shi ya sa kuma take abokiyar manomi, gama ƙwarin da take ci su ne masu ɓata amfanin gona. Mu hana yara harbinta da danƙo, kada kuma mu sare itacen da take sheƙa a kai.

Gawo

Gawo ya sha bamban da sauran itatuwa. Sa'ad da damina ta shigo, kowane itace yana tohuwa, shi kuwa zubar da ganye yake yi. Da rani sai ya yi kore shar, domin saiwarsa tana zurfi har ta kai ruwan ƙarƙashin ƙasa.

Wannan hali alheri ne ga manomi. Ganyen da ya zuba yakan ruɓe ya zama taki daidai lokacin shuka. Ba ya yi wa gero ko dawa inuwa da damina. Da rani dabbobi sukan ci 'ya'yansa, su huta a inuwarsa, su bar kashinsu a gona. A jihohin Maraɗi da Damagaram na ƙasar Nijar, tun wajen 1984 manoma suka fara barin tohon itatuwa a gonakinsu suna gyara shi, maimakon su sare duka lokacin sassabe. An ƙiyasta cewa ta haka itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo, gawo kuwa yana da yawa a cikinsu.

To, yaushe za mu yi shuka?

Ƙasa ce za ta faɗa mana. Ruwan farko yakan ruɗi mutum, ya yi shuka, sai a yi mako biyu babu ko ɗigo. Masana aikin gona sukan ce a jira ruwan da ya kai milimita 20 cikin kwana uku. Wanda ba shi da ma'auni, sai ya tona ƙasa da fartanya ya ga ko laima ta shiga sosai. Kada kuma a zuba iri duka a shukar farko. A ajiye wani ko za a bukaci sāke shuka.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Waɗanne alamun damina ne dattawan ƙauyenmu suka sani? Matasa sun san su?
2. Gawo nawa ne a gonakinmu yanzu, idan aka gwada da shekara 20 da suka wuce?
3. Me za mu yi tare domin ƙananan itatuwa su tsira daga gatari da wuta?