3.2 Yadda Furotin Ke Lanƙwasa Tantanin Ƙwayar Halitta

Kamar yadda aka yi bayani a babi na biyu, tantanin ƙwayar halitta shimfiɗa biyu ce ta maiko, wadda kaurinta bai wuce kimanin nanomita 5 ba. An zaɓi kalmar "tantani" a wannan nazari maimakon "fata", domin ita ta fi nuna rashin kaurin abin. Singer da Nicolson (1972) sun nuna cewa tantanin ba a daskare yake ba, furotin iri-iri na yawo a cikinsa. To amma in an bar shi haka nan ba ya yin lanƙwasa mai tsanani, sai furotin ya tilasta masa.

Hanya ɗaya ita ce furotin ya cusa wani ɓangarensa cikin shimfiɗa guda kawai. Sai wannan shimfiɗar ta fi 'yar'uwarta faɗi, tantanin ya karkata, kamar tabarmi biyu da aka ɗinke wuri guda alhali ɗaya ta fi faɗi. Wasu furotin kuma, waɗanda masana ke kira BAR, su kansu a lanƙwashe suke kamar jinjirin wata. Cikinsu na ɗauke da cajin lantarki da ke jawo maikon tantani, sai tantanin ya bi siffarsu. Masana a Kambirij ta Ingila ne suka fayyace wannan siffa a 2004.

Misalin da ya fi bayyana aikin shi ne na kilatirin, wanda Barbara Pearse ta raɗa wa suna a 1975. Kowane kilatirin ƙafa uku gare shi. Idan suka taru a bayan tantani ta ciki, sai su sarƙe da juna su zama kwando mai gida biyar-biyar da shida-shida, irin ɗinkin ƙwallon ƙafa. Kwandon yana jan tantani zuwa ciki har ya zama 'yar jaka mai siririn wuya. A nan ne dainamin yake naɗe wuyan, ya shaƙe shi da ƙarfin da yake samu daga GTP, jakar ta tsinke ta faɗa ciki. Ta haka ne ƙwayar halitta ke ɗaukar kolastirol daga jini. Idan furotin mai kama kolastirol ɗin ya kasa shiga wannan rami, sai kitsen ya taru a jini, mutum ya kamu da ciwon zuciya tun yana da ƙuruciya. Brown da Goldstein sun sami lambar Nobel a 1985 kan wannan bincike.

Ba kullum lanƙwasar ke zama alheri ba. A cutar sikila, wadda ta yawaita a ƙasar Hausa, himogulobin ɗin mai cutar yana harhaɗuwa ya zama dogayen zaruruwa masu tauri idan iskar oksijin ta yi ƙaranci. Zaruruwan suna tokare tantani daga ciki har jar ƙwayar jini ta koma siffar lauje. Idan hakan ya yi ta maimaituwa, sai sifektirin, wato ragar furotin da ke tallafe da tantanin, ta lalace, ƙwayar ta kasa komawa siffarta. Ƙwayar da ya kamata ta yi kwana 120 sai ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20.