Ko Kun Sani? Yaƙin Lugu

Ko kun san cewa lokacin da Yamai ke ƙaramin ƙauye a bakin kogi, mace ce ta tari rundunar Faransa a ƙasar Arewa? A ranar 16 ga Afrilu, 1899, dakarun Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine, waɗanda suka taso daga yamma suna ƙone garuruwa a hanyarsu ta zuwa Tafkin Chadi, suka afka wa Lugu, kusa da Dogon Dutsi. Sarauniya Mangu ta Lugu ba ta miƙa wuya ba. Mayaƙanta Azna, kwari da baka ne makaminsu, suka ja da masu bindiga, suka kashe musu sojoji huɗu, sannan suka shige kurmin ƙaya inda bin su ya gagara.

An ci garin, amma ba a kama Sarauniya ba. Rundunar ta wuce ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni. A watan Yuli kuwa, sojojinsu da kansu suka harbe Voulet da Chanoine. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kan jarumtar Sarauniya a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986.