Hunturu: Me ke ɗumama jiki a haƙiƙa?

Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu kan taso daga arewa maso gabas, ta ratso hamadar Sahara ɗauke da ƙura, wadda kaso mai yawa nata ke fitowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi.

A garuruwan yammacin jihar Katsina, irin su Tsaskiya da ke ƙaramar hukumar Safana da ƙauyukan Batsari, ma'aunin zafi yakan sauka ƙasa da digiri 15 kafin asuba.

A wannan lokaci ne kasuwar masu shayi da masu koko da ƙosai ke buɗewa, a gidaje kuma tukunyar kunu ba ta sauka daga murhu.

Abin sha na lokacin sanyi

Kusan kowace al'umma tana da abin da take sha idan sanyi ya kama. A ƙasashen Turai inda dusar ƙanƙara ke zuba, ƙananan masana'antu kan dafa wata giya ta musamman domin wannan lokaci, mai duhu da ƙarfi, wani lokaci da kayan ƙamshi irin su kanumfari da kirfa. A Ingila da Beljiyam da Danmak wannan al'ada ta daɗe, masu shanta kuma na cewa tana korar sanyi.

A Katsina kuwa addini ya haramta giya, haka ma dokar jiha tun bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000. Sai dai tambayar da likitoci ke yi daban ce: shin giya na ɗumama jiki?

Amsarsu ita ce a'a. Barasa na buɗe ƙananan jijiyoyin jini da ke ƙarƙashin fata, sai jini mai ɗumi ya kwararo daga cikin jiki zuwa fata. Mutum zai ji ɗumi, alhali zafin jikinsa ficewa yake yi. Tana kuma rage karkarwa, wadda ita ce hanyar da jiki ke samar wa kansa zafi. Shi ya sa ake samun mashaya da sanyi ya halaka a kan titi a ƙasashen ƙanƙara.

A watan Janairun 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadi na barasa da ba shi da illa ga lafiya.

Aikin kunu a jiki

Kunun tsamiya ko na gyaɗa yana aiki ta hanyoyi uku. Zafinsa na shiga ciki kai tsaye, geron da ke cikinsa abinci ne da jiki ke ƙonawa ya samu ƙarfi da ɗumi, sannan yana mayar da ruwan da busasshiyar iska ke zuƙewa, a lokacin da mutane ba su cika jin ƙishirwa ba.

Citta da masoro da barkono kuwa suna motsa jijiyoyin da ke jin zafi a baki da maƙogwaro, abin da ke ƙara wa mai sha jin ɗumi.

Amma akwai wuraren lura. Binciken da likitoci suka yi a Zariya a shekarun 1970 ya danganta yawan shan kunun kanwa da wankan jego da ciwon zuciya a tsakanin mata masu jego, saboda gishirin da ke cikin kanwa. Haka nan kwana da garwashi a rufaffen ɗaki na iya kisa, domin gawayi na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari.

Gero da tsaro

Kunu dai sai da gero, gero kuma sai an noma. Tun daga wajen shekarar 2019, hare-haren 'yan bindiga daga dajin Rugu sun tilasta wa manoma da dama a Safana da Batsari barin gonakinsu, wasu iyalai kuma suka yi gudun hijira zuwa garin Batsari da birnin Katsina.

Ga iyalin da ya bar rumbunsa a baya, kunun safe ya koma abin saye da kuɗi, kuma yara ƙanana da tsofaffi ne sanyi ya fi yi wa illa idan suka kwana da yunwa.