JINKIRIN IZINI NA ƘARA TSADAR LANTARKIN TURURIN ƘASA

SULEJA: Duk da cewa Jihar Neja ce ke ɗauke da manyan madatsan ruwa na Kainji da Shiroro da Zungeru, masu injin niƙa da masu walda a garuruwa irin su Garam, kusa da Suleja, ba su rabu da sayen mai don janareta ba. Wannan ya sa hankali ke karkata ga wasu hanyoyin samar da wuta, ciki har da zafin da ke ƙarƙashin ƙasa.

A wannan hanya ana haƙa rijiyoyi masu zurfin kilomita 2 zuwa 3, a fito da tururi, shi kuma ya juya injin da ke ba da wuta dare da rana. Har yanzu Nijeriya ba ta da irin wannan tasha, ko da yake maɓuɓɓugan ruwan ɗumi na Wikki a Jihar Bauci da Ikogosi a Jihar Ekiti suna nuna akwai zafin.

Irin wannan tasha ba ta cin gas ko man dizal. Kusan dukkan kuɗinta ana kashe su ne tun farko, wajen bincike da haƙa da gini, kuma akasari rance ne. Saboda haka duk shekarar da aiki ya tsaya jiran sa hannun hukuma, kuɗin ruwa na hauhawa alhali ba a sayar da wuta ko ta kwabo ba. Alal misali, rancen dala miliyan 100 a kan kashi 10 cikin 100 zai haura dala miliyan 133 bayan jiran shekara 3. Wannan ƙari kuwa cikin farashin wuta ake zuba shi, mai mita ne ke biya.

Ƙasar Kenya, wadda ta buɗe tasharta ta farko a Olkaria cikin 1981, ta ɗanɗana wannan. A 2014 ne kamfanin gwamnati mai haƙar tururi, GDC, ya ƙulla yarjejeniya da kamfanoni uku domin kowannensu ya gina tasha mai megawat 35 a Menengai. An haƙa rijiyoyin, tururi ya samu, amma bankuna suka ƙi sakin kuɗi sai sun ga takardar lamuni daga gwamnati, wadda ta ɗauki shekaru ba ta fito ba. Sai a 2023 tashar farko, ta kamfanin Sosian, ta fara ba da wuta.

Ita ma Jihar Neja ta san ɗacin jira, ko da yake nata ya fi alaƙa da rashin kuɗi. Tun 1982 aka yi nazarin madatsar Zungeru mai megawat 700, amma sai 2013 aka fara gini a kan dala biliyan 1.3, aka kammala a 2023.

A Nijeriya, mai son gina tasha sai ya nemi izinin fili daga gwamna bisa dokar filaye ta 1978, da shaidar kare muhalli bisa dokar 1992, sa'an nan lasisin samar da wuta. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, wanda ke nufin wani ɓangare na wannan nauyi ya dawo Minna. Muddin ba a yanke wa kowace takarda wa'adin fita ba, masu zuba jari za su ci gaba da lissafa jira cikin farashi tun kafin a kafa injin haƙa.